Idan haƙorin gaban yaro ya fice, kada a jira gobe

A wannan makon na jingine tambayoyin da aka aiko, domin wani abu ya faru a unguwarmu da ya tsaya mini a rai, kuma na tabbata irinsa yana faruwa kowace rana a wani gida.

'Yar maƙwabcina ce, shekararta takwas. An aike ta ɗebo ruwa a famfon burtsatse bayan la'asar, santsi ya kwashe ta, bakinta ya daki gefen simintin da ake ɗora bokiti. Haƙorinta na gaba, na sama, ya fice ɗungurungum har da saiwarsa. Yayanta ya tsince shi a ƙasa, ya naɗe a takardar littafi, ya riƙo hannunta suka koma gida tana kuka. Kakarsu ta leƙa bakin, ta ce, "Yi shiru 'yar nan, ai famfara ce, wani zai fito." Aka wanke mata baki da ruwan ɗumi da gishiri, aka ba ta maganin ciwo, jini ya tsaya, kowa ya kwanta hankalinsa kwance. Sai da gari ya waye, muna fitowa daga masallaci, mahaifinta ya zaro takardar daga aljihu ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan. Ni dai na ga ya yi girma a ce haƙorin yara ne." Gaskiyarsa. Tsawon haƙorin ya kai kusan santimita biyu, faffaɗa ne, bakinsa da 'yan tsaga-tsaga. Haƙorin girma ne, wanda ya tsiro mata bara bayan ta yi famfara, kuma babu wani a bayansa. Ya kwana a bushe sama da awa goma sha biyu.

Ban ga laifin kakar ba. Abin da ta sani ta faɗa, kuma ta ga jikoki da yawa sun zubar da haƙora wasu sun tsiro. Laifin yana wuyanmu, mu da muka san cewa haƙorin girma da ya fice ana iya mayar da shi gurbinsa ya kama ya ci gaba da rayuwa, amma muka bar wannan sani a cikin asibiti, inda yaro ba ya isa sai lokaci ya riga ya ƙure. Ra'ayina shi ne, mayar da haƙorin gaba aikin wanda ke tsaye a wurin ne, uwa ce ko uba ko malamin aji ko mai shagon bakin layi, kuma ya kamata a koya wa kowa shi kamar yadda aka koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari domin mai zawo.

Bari mu fara da sanin haƙoran da ake magana a kansu. Haƙoran gaba guda takwas ne, huɗu a sama, huɗu a ƙasa, masu faɗi da kaifin baki, aikinsu yanka abinci kafin a miƙa wa turame su niƙa. Su ne kan fara tsirowa ga jariri, na ƙasa tukuna, galibi tsakanin wata shida zuwa goma, sannan na sama su biyo. Su ne kuma kan fara zubewa. Tsakanin shekara shida zuwa bakwai na girma suke fitowa a ƙasa, manyan biyun nan na sama tsakanin bakwai zuwa takwas, na gefensu tsakanin takwas zuwa tara. Daga nan an rufe ƙofa. Ɗan Adam jeri biyu kawai aka ba shi, haƙoran nono ashirin da na girma talatin da biyu, babu na uku.

Wannan ba haka yake ga dukkan dabbobi masu shayarwa ba. Ɓera da gafiya da zomo haƙoransu na gaba ba sa daina tsawo har su mutu, shi ya sa kullum suke cikin gaigaya domin su rage su. Hauren giwa ma, da mutane da yawa ke ɗauka fiƙa ce, haƙorin gaba ne na sama da ya yi ta tsawo. Saniya da tunkiya da akuya kuwa ba su da haƙoran gaba a sama sam, sai wani dasashi mai tauri da suke danne ciyawa da shi. Duk wanda ya taɓa sayen ragon layya ya ga yadda dillali ke buɗe bakinsa ya duba na ƙasa, domin manyan biyun farko suna maye gurbin ƙananan ne tsakanin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma da su ake gane ko ragon ya isa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, magidanci zai iya bambance haƙorin nono da na girma a bakin rago da kallo ɗaya, amma idan na ɗansa ne sai ya ce bai taɓa lura ba.

Mu Hausawa ba mu raina haƙorin gaba ba. Muna yabon mai wushirya, muna tsokanar mai giɓi, kuma alhazai da hajiyoyi sun daɗe suna dawowa da haƙorin Makka a inda kowa zai gani. A littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, diyyar haƙori ɗaya raƙuma biyar ce. Malaman tajwidi kuma sun san akwai haruffan da ba sa fita daidai sai da taimakon haƙoran gaba na sama, kamar fa'un da zalun. Yarinyar da ta rasa wannan haƙori tana 'yar shekara takwas za ta shiga budurci tana rufe baki da gefen hijabi idan za ta yi dariya, kuma wanda bai taɓa zama da irin wannan yaro ba ne kawai zai ce ƙaramin abu ne.

Kuma ba abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Wani nazari da aka wallafa a shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan ɗaya da ke raye a duniya sun taɓa samun rauni a haƙori. Manyan haƙoran gaba na sama su ne suka fi shan wannan wahala, domin su ne a sahun farko idan fuska ta gamu da ƙasa. Ficewa gaba ɗaya ta fi yawa ga yara masu shekara bakwai zuwa goma, saboda a lokacin saiwar ba ta gama ginuwa ba, ƙashin da ke riƙe da ita kuma yana da taushi. Wato dai haƙorin ya fi saurin ficewa daidai shekarun da iyaye suka saba ganin giɓi a bakin yara, shi ya sa kalmar famfara take saurin zuwa baki ta rufe maganar.

Domin a fahimci dalilin gaggawar, sai an san yadda haƙori yake zaune. Ba kafe shi aka yi a ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwa da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu siraran zaruruwa masu rai, kaurinsu bai kai rabin milimita ba, su ne ke ɗaure haƙori, su kuma ke sa mutum ya ji ɗan tsakuwa a cikin shinkafa. Idan haƙori ya fice, waɗannan zaruruwa ne suke tsinkewa, rabi ya tsaya a gurbi, rabi ya biyo saiwar. Matuƙar ƙwayoyin halittar da suka biyo saiwar suna da rai, idan aka mayar da haƙorin sai ɓangarorin biyu su sake haɗewa kamar yadda yanka ke warkewa. Abin da ke kashe su shi ne bushewa. Wani likitan haƙori ɗan ƙasar Denmak, Jens Andreasen, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin raunin haƙori a birnin Kofanhegan, ya wallafa tare da abokan aikinsa a 1995 sakamakon bibiyar haƙoran gaba 400 da aka mayar bayan sun fice. Abin da suka gani shi ne, waɗanda aka mayar nan take, cikin kamar minti biyar, su ne suka fi warkewa yadda ake so, kuma kowane jinkiri yana rage wannan dama. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya ta sabunta a 2020 sun tafi a kan haka: idan an mayar cikin kamar minti goma sha biyar, ana kyautata zaton ƙwayoyin suna raye, idan kuwa haƙorin ya yi sama da awa ɗaya a bushe, to a ɗauka sun mutu.

Yanzu mai karatu ya auna da kansa. Daga inda yake zaune zuwa kujerar likitan haƙori mafi kusa, minti nawa ne? A haɗa da neman abin hawa, da cunkoso, da yankar kati, da layi. A birni ma da wuya a yi shi cikin awa ɗaya, balle a ƙauye, balle da dare ko ranar Lahadi. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen haƙori, haka wasu asibitocin jihohi, amma yawancin likitocin haƙori a birane suke, yara kuwa ko'ina faɗuwa suke yi. Wasu kan kawo ƙarancin likitoci a matsayin dalilin da ya sa wannan magana ba ta shafe mu ba. Ni kuwa a wurina shi ne babban dalilin da ya sa ta fi shafar mu a kan mutanen Kofanhegan.

Ga yadda ake yi. Da farko a dubi yaron kafin a dubi haƙorin. Idan ya suma, ko yana amai, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko jini ya ƙi tsayawa, ko muƙamuƙinsa ya karkace, to kai ya fi haƙori, a nufi asibiti da shi kai tsaye, haƙorin kuma a tafi da shi a jiƙe kamar yadda zan bayyana. Idan yana cikin hayyacinsa, a rarrashe shi, a nemo haƙorin, a ɗauke shi ta kansa, wato farin ɓangaren da ake gani a baki. Kada yatsa ya taɓa saiwar. Idan da ƙasa a jikinsa, a ɗauraye shi a hankali da madara, ko ruwan gishirin asibiti, ko yawun yaron. Idan babu ko ɗaya, a zuba masa ruwa mai tsabta na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan. Kada a goge shi da tsumma ko buroshi, kada a kankare, kada a sa sabulu, ko sifirit, ko Dettol, ko man goge baki. Ɗan jan naman da ake gani manne da saiwar ba datti ba ne, shi ne abin da ake ƙoƙarin ceto.

Sannan a dubi haƙorin da ke kusa da gurbin domin a gane fuskar da ke kallon leɓe, a saka saiwar a ramin, a tura a hankali da yatsa har tsawonsa ya yi daidai da na ɗan'uwansa. A ninka hankici mai tsabta a sa yaron ya cije a kai domin ya riƙe shi. Shi ke nan. Aikin bai kai minti biyu ba, kuma zafinsa bai kai yadda ake tsoro ba, domin wurin ya riga ya yi tsami da bugun. Daga nan sai a kama hanyar asibiti a ranar, ba washegari ba.

Na san abin da wani uba zai ce: "Idan na saka shi a karkace fa?" Likita zai iya gyara zaman haƙorin da aka saka a karkace, amma ba shi da yadda zai yi ya rayar da saiwar da ta bushe. Wata uwa kuma za ta ce hannunta ba zai iya ba, ganin jinin ɗanta kaɗai ya isa ya sa jiri ya ɗebe ta. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, kuma akwai mafita. Idan ba za a iya mayarwa ba, ko yaron ya ƙi tsayawa, to aikin ya koma hana haƙorin bushewa. A tsoma shi a ƙaramin kofi ko kwalba mai madara, mai sanyi idan da hali, marar sukari. A nan sai an yi hattara da harshenmu, domin abin da ake nufi madara ce da ba ta yi tsami ba. Nono mai tsami da kindirmo da yogot ba su dace ba, tsaminsu yana cutar da ƙwayoyin. Ƙa'idojin taimakon gaggawa da Ƙungiyar Zuciya ta Amurka da Red Cross suka fitar a 2020 sun ambaci wasu abubuwa biyu da suka fi sauƙin samu a wurinmu: ruwan ORS, wanda ake sayar da ƙullinsa a kowane kemis, da kuma naɗe haƙorin a siririyar ledar nan da ake lulluɓe abinci da ita domin kada danshinsa ya tsere. Idan duk babu, yaron ya tofa yawu a kofi a saka haƙorin a ciki. Babba zai iya riƙe shi a cikin kumatu, amma ban da ƙaramin yaro, kada ya haɗiye. Ruwan famfo ko fiya wata ba wurin ajiya ba ne, yana kumbura ƙwayoyin su fashe, sai dai duk da haka ya fi takarda, ya fi auduga, ya fi aljihu.

Akwai inda ba a mayarwa, kuma dole in jaddada shi domin kada gyara ya zama ɓarna. Haƙorin nono ba a mayar da shi. A ƙarƙashinsa akwai na girma yana ginuwa a cikin ƙashi, kuma tura na nonon cikin ramin zai iya raunata shi ya fito da tabo ko a karkace. Yaron da bai kai shekara shida ba, kusan tabbas na nono ne. Tsakanin shida zuwa takwas ne ake samun ruɗani, sai a tambayi kai: an riga an yi famfara a wannan gurbin? Haƙorin girma ya fi faɗi, farinsa ya ɗan ja zuwa rawaya, sabo kuma yana da tsaga uku a bakinsa kamar zarto. Na nono ƙarami ne, fari fat, kuma idan lokacin zubewarsa ya yi kusan ba shi da saiwa, domin ta narke. Idan an kasa tantancewa, a tsoma a madara a tafi da shi, likita ya raba gardama. Haka nan yaron da ke da ciwon zuciya mai tsanani, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai saboda cuta ko magani, a bar wa likita hukuncin mayarwa. Kuma ko na nono ne ya fice da bugu, a kai yaron a duba shi. Idan an nemi haƙori an rasa, kada a ce ƙasa ta cinye: yakan nutse cikin dasashi, ko ya maƙale a naman leɓe, wani lokaci ma yaro ya shaƙe shi zuwa huhu, kuma hoto ne kaɗai zai nuna.

A asibiti, likita zai ɗauki hoton wurin, ya tabbatar haƙorin ya zauna daidai, sannan ya ɗaure shi da na kusa da shi da wata siririyar waya mai lanƙwasuwa na kimanin mako biyu. Zai duba ko ana bukatar allurar tetanus, musamman idan haƙorin ya taɓa ƙasa, kuma yakan rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. A gida sai abinci mai laushi na mako biyu, kunu da fate da tuwo mai taushi, ban da rake da ƙashi da aya, ban da ƙwallo da kokawa. A ci gaba da goge baki da buroshi mai laushi bayan kowane cin abinci, domin datti a wurin shi ne abokin gaba. Idan saiwar ta riga ta kammala, wanda ga manyan haƙoran sama yakan kasance wajen shekara goma, jijiyar cikin haƙorin ba za ta farfaɗo ba, don haka likita zai cire ta ya cike ramin cikin mako biyun nan. Idan kuwa saiwar ba ta rufe ba, akwai damar jini ya sake shiga haƙorin ya rayu, sai a sa ido. A nan ne iyaye da yawa suke sakaci: da zarar haƙori ya daina motsi sai a daina komawa. Alhali kuwa ruɓewar jijiya tana iya cinye saiwar a ɓoye ba tare da wani ciwo ba, kuma bibiyar wata-wata, daga baya shekara-shekara, ita ce ke kama abin da wuri.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ba kowane haƙorin da aka mayar ne yake zama har tsufa ba. Wani yakan manne da ƙashi kai tsaye, jiki ya riƙa cinye saiwar sannu a hankali yana maye ta da ƙashi, bayan wasu shekaru ya faɗi. Masu cewa to me ya sa za a wahala, ga amsata. Da zarar haƙori ya bar gurbinsa, ƙashin wurin yakan fara shanyewa, na gefe kuma su karkato su cinye filin. Dashen haƙori na ƙarfe, ga mai kuɗinsa, ba a yi wa yaro sai ya gama girma, wajen shekara goma sha takwas ko fiye. Ke nan yarinya 'yar takwas tana da shekara goma a gabanta na haƙorin roba mai cirewa, wanda za a yi ta sakewa yayin da bakinta ke girma, ko kuma na zama da giɓi. Haƙorinta na asali, ko da shekara biyar ko bakwai kawai ya yi, ya riƙe mata fili, ya raka ta shekarun makaranta, ya kuma bar wa likita zaɓi a gaba. Ta fuskar kuɗi ma, waya da ciko ba su kama ƙafar kuɗin dashe ba. Masu cewa ƙaddara ce kuwa, ban musa ba, faɗuwar ƙaddara ce. Amma wanda ya karye a ƙafa ma ƙaddara ce ta same shi, kuma ba mu taɓa barin sa ba ɗori ba.

Abin da ya fi ficewa yawa shi ne karyewa, kuma a nan ma ana asarar abin da za a iya ceto. Idan gefen haƙori ya ɓalle, a nemi ɓallin a tsoma a madara, sau da yawa likita zai iya manna shi. Idan an ga ɗigon ja a tsakiyar inda ya karye, jijiya ce ta bayyana, aikin ranar ne. Haƙorin da ya bugu bai karye ba, amma bayan watanni ya fara yin duhu, ko wani ɗan ƙurji ya fito a dasashin samansa, shi ma yana neman likita ko da ba ya ciwo.

Rigakafi kuwa sananne ne, sai dai a tuna. Yaron da haƙoransa na sama suka turo gaba har leɓe ba ya rufe su ya fi sauran haɗarin karya su, kusan ninki biyu, kuma tsotsar yatsa da ta wuce shekarun yaye tana cikin abin da ke jawo hakan, don haka ya cancanci a kai shi a duba tun kafin ya faɗi. Buɗe kwalbar lemo da haƙori ba bajinta ba ce. Hular kwano mai rufe haɓa tana kare baki, ba kai kaɗai ba. Masu dambe da 'yan ƙwallo akwai robar kare haƙora da ake sawa a baki. Sai wani abu da nake roƙon a daina: cusa cokali a bakin mai farfaɗiya ko yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga. Ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne ke karya masa haƙoran gaba. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, a bar bakinsa. Wanda kuma ke hukunta yaro da mari a baki, ya san abin da yake wasa da shi.

Inda nake ganin gyara zai fi saurin tasiri shi ne makaranta, ta boko da Islamiyya da ta allo, domin a nan yara masu shekara bakwai zuwa goma suke wuni, a nan suke guje-guje. Bayanin da na yi a sama bai fi a koyar da shi cikin rabin awa a taron malamai ba, kuma kayan aikinsa ƙullin ORS ne da kofi mai murfi da hankici mai tsabta, waɗanda kowace makaranta za ta iya ajiyewa a ofishin hedimasta. A rubuta lambar wayar asibitin haƙori mafi kusa a manna a bango. Ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa da masu kemis ma su sani, domin wurinsu ake fara zuwa, kuma abin takaici ne a ɗinke leɓen yaro a sallame shi alhali haƙorinsa yana naɗe a gefen zanin uwarsa ba wanda ya tambaya. Iyaye kuma a taron iyayen yara su tambayi makaranta kai tsaye: idan haƙorin ɗana ya fice a filin wasa, me za ku yi kafin in iso?

'Yar maƙwabcina mun kai ta asibiti da safiyar nan, haƙorin a cikin kofin madara duk da mun san an makara. Likitar ta ce ko an makara gara a zo da shi, domin ƙa'idar yanzu ita ce a mayar ko da ya daɗe a waje, in dai babu wani abin da ya hana. Ta tsabtace saiwar, ta yi wa yarinyar allurar kashe zafi, ta wanke gurbin, ta mayar da shi ta ɗaure. Ta gaya wa mahaifin ba tare da kwana-kwana ba cewa mai yiwuwa haƙorin ya manne da ƙashi, kuma yayin da yarinyar ke girma zai iya zama gajere a kan ɗan'uwansa, a lokacin sai a sake shawara. An cire wayar, haƙorin yana nan, ta koma makaranta. An ba su ranar komawa bayan wata uku, kakar kuma ta ce ita za ta raka ta.